Goron Kyauta

Bayan la'asar a Aboabo,
ruwa na dukan kwanon rumfar Baba Mumuni
kamar mai bin bashi,
Kwabena ya sauko daga tarotaro da allon dara a hammata,
takalminsa duk jar laka.
Ya ɗauki farare. Ni aka bar wa baƙaƙe,
kuma ban yi gardama ba:
shekara talatin ina tsintar goro a Kumasi,
na saba a fara yi mini magana kafin in yi tayi.

Kurtun sarki ya tura, na tura nawa.
Ya tura na biyu, na ci.
Ya miƙo na uku yana kallon titi,
wai shi bai damu ba.
Na ci.
Giwarsa ta fito, ya sake barin wani a bakin hanya,
ba mai gadi, ba mai kuka.

Masu kallo suka fara kirga mini riba.
Sule mai shayi ya ce, Alhaji Ɗantani, yau ka tashi da sa'a.

Sa'a?
Goron da aka cusa maka kyauta a Kejetiya,
fasa shi tukuna.
Jan baya ba ya hana sankara a ciki.

Na ci ɗin dai, don in ga gudun ruwansa.
Sai ga giwaye biyu sun jeru
sun zuba wa ƙofar sarkina ido,
ni kuwa dawakina na barci a turke,
ba wanda ya ko yi hamma.
Kurtu biyu a aljihu, gida a buɗe.

Na daɗe.
Shayina ya huce, ƙuda ya faɗa ciki.
Kwabena na kaɗa ƙafa, yana murmushin
wanda ya haddace tarko daga waya da dare
ya zo neman tsoho.

Sai na mayar masa da canjinsa.
Kurtun sarauniya, taki biyu, tsakiyar fili:
ungo, ban iya riƙe abin da zai ƙone mini hannu.
Ya ci. Na fito da doki.

Nan ya yi abin da ya zo yi.
Giwa ta faɗa wa sarkina, sarki ya cinye ta,
sarauniyarsa ta zarce ta ɗauke tawa
tun daga wancan bango.
Rumfa ta ɗauki ihu.
Sule har ya zubar da madara.

Ban ɗaga kai ba.
Giwata da ke zaune tun farko kamar baƙuwa
ta miƙe ta ce: Sarki!
Tashinta ya buɗe wa hasumiya layi.
Sarauniyarsa ta juyo da gudu ta tare,
a nan ta kwana.

Shiru.
Ruwan ma ya rage.

Muka kirga: biyar da biyar.
Ba wanda ya fi wani ko da kurtu ɗaya,
sai dai nawa uku suna gefe guda, kafaɗa da kafaɗa,
nasa guda tilo ke tsaron wannan unguwar.
Daga nan babu sauran abin kallo,
'yan kallo suka watse sayen waake da shinkafa.
Aiki ne irin na jiƙa ganye da juya huhu,
taki ɗaya, a duba, taki ɗaya.

Aka yi magariba muka dawo.
Wuta ta ɗauke, ya kunna fitilar wayarsa,
wayar nan dai da ta koya masa tarkon,
ita ta haska wa kurtuna hanya
har ya isa gidan ƙarshe.

Ya kwantar da sarkinsa da ɗan yatsa.
Ya ce da Hausarsa ta Zango:
Alhaji, wanene ya nuna maka?

Na fasa goro, fari tas,
na ba shi rabi.
Ya jujjuya shi a hasken waya kafin ya kai baki.